Ƙa'idojin Hana Zaizayar Ƙasa a Wurin Gini: Jagora ga Mai Gini a Ɗan Issa

Idan kana da niyyar gina gida, ko shago, ko ajin makaranta, ko kuwa an ba ka kwangilar hanya ko kwalbati a ƙaramar hukumar Ɗan Issa, wannan bayani naka ne. Duk ƙasar da ka tone, ko ka share ciyawarta, ko ka jibge a fili, tana wuyanka har ranar da ta sake zama daram. In ruwan sama ya kwashe ta ya binne shukar wani, ko ya cike magudanar gari da ita, kai ne doka za ta tambaya, kai ne kuma maƙwabta za su kai ƙara. A nan za ka ga dalilin da ya sa ƙasar wannan yanki ke da saurin zaizayewa, da abin da dokokin Nijar suka ɗora maka, da matakan da za ka ɗauka da kayan da ke kusa da kai.

Me ya sa wurin gini ke zaizayewa?

Ciyawa da saiwar itace su ne ke riƙe ƙasa. Ganye yana tare ɗigon ruwa kafin ya bugi ƙasa, saiwa kuma tana buɗe masa hanya ya nutse. Da zarar an share fili, ɗigon yana faɗa wa ƙasa kai tsaye, ya farfasa ta, ya toshe ƙofofinta da laka. Motocin yashi da sawun lebura suna daddanne abin da ya rage. Ruwan da ya kamata ya nutse sai ya malala, ya tafi da ƙasar sama.

Ka yi wannan lissafi da kanka. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa na milimita 40, zai zubo da lita 4,000, wato ganga ashirin mai cin lita 200, kuma duka ta indararo biyu ko uku za su fito. Ka sani kuma in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfinsa ninki huɗu yake yi. Saboda haka duk dabarun da za ka karanta a ƙasa manufarsu ɗaya ce: rage wa ruwa gudu, domin ya ajiye ƙasar da ya ɗauka kafin ya bar filinka.

Halin ƙasar Ɗan Issa

Ɗan Issa tana cikin gundumar Madarunfa, a jihar Maraɗi, kimanin kilomita 40 kudu da birnin Maraɗi, a kan hanyar da ke zuwa Jibiya da Katsina. Yawancin ƙasarta jigawa ce mai rairayi, a wasu wuraren kuma dutse yana kusa da sama, ta yadda ruwa ba ya samun zurfin nutsewa. Ruwan shekara duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya, kuma ruwan farko yana samun ƙasa tsirara bayan watanni na rani.

Ruwan wannan yanki Gulbin Maraɗi yake nufa. Gulbin ya taso daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya ya shigo Nijar, ya wuce ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, kafin ya sake komawa Najeriya. Rairayin da ya bar filinka yana iya ƙarewa a fadamar da ake noman rani, ko a tafkin Madarunfa, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, kuma cikewa da yashi na cikin manyan abubuwan da ke yi masa barazana. Magudanar da yashi ya cike ba ta ɗaukar ruwa, sai ya nemi hanya ta cikin gidaje. Mutanen kwarin nan sun san ƙarfin ruwa: ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da tsohon garin Maraɗi daga fadama aka mayar da shi kan tudu, ta watan Yuli 2018 kuwa ta hallaka fiye da mutum 40 a Jibiya.

Abin da dokokin ƙasa suka ce

Ƙa'idojin suna warwatse cikin dokoki da dama. Ga waɗanda suka fi shafarka:

1. Babbar dokar kula da muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998. Ita ce ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya ɓata muhalli shi zai ɗauki nauyin gyara, ta kuma sa ƙasa da ruwa cikin dukiyar da wajibi ne a kare.

2. Dokar binciken tasirin ayyuka a kan muhalli mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018, da ƙudurin zartar da ita na 11 ga Janairu 2019. An kasa ayyuka gida huɗu. Rukunin A, mai babbar illa, yana bukatar cikakken bincike. Rukunin B yana bukatar taƙaitaccen bincike. Rukunin C ana ba shi sharuɗɗan da zai bi, rukunin D kuwa ba a ɗora masa wani mataki na musamman ba. Ofishin ƙasa mai kula da wannan bincike, wato BNEE, shi ke duba takardun, ministan muhalli kuma ya ba da takardar amincewa. Manyan ayyuka irin su hanya da madatsar ruwa da layin dogo, kamar na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairu 2021, su ne aka fi tsananta wa bincike.

3. Dokar ruwa mai lamba 2010-09 ta 1 ga Afrilu 2010. Gulbi da ƙorama da tafki dukiyar jama'a ce. Aikin da zai tare ruwa ko ya sauya masa hanya yana bukatar sanarwa ko izini kafin a fara shi.

4. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004. Kada ka sare itace don share filin gini sai ka sami izinin ma'aikatan gandun daji, musamman itatuwan da doka ta kare irin su gawo.

5. Dokar ma'adinai, wadda aka sabunta a 2022. Buɗe wurin haƙar yashi ko tsakuwa ko burji ko dutse yana bukatar izini, kuma wanda ya haƙa shi ke da alhakin gyara wurin idan ya gama.

Idan aikin na gwamnati ne ko na wata ƙungiyar raya ƙasa, galibi akwai tsarin kula da muhalli a cikin takardar kwangila. Ka karanta shi kafin ka sa hannu, ka kuma sa kuɗinsa cikin farashinka. Wannan tsari ba a Nijar kaɗai yake ba. A Amurka, tun 2003, duk wurin ginin da ya kai eka ɗaya, wato ƙasa da rabin hekta kaɗan, sai ya sami izini da rubutaccen tsarin tare laka.

Hukumomin da ke kusa da kai

Ofishin magajin gari shi ne ƙofarka ta farko. A nan ake neman izinin gini, a nan ne kuma za a nuna maka iyakar titi da hanyar ruwa. A watan Afrilu 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa shugabannin riƙo, amma ayyukan ofishin suna nan.

Sai hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, waɗanda dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa tushensu. Akwai na gunduma, da na ƙaramar hukuma, da na ƙauye. Su za su tabbatar maka filin ba burtali ba ne, ba makiyaya ba, ba kuma mashayar dabbobi ba.

Al'ada ma tana da nata hukunci. Ba a juya indararo ya zuba a katangar maƙwabci, ba a toshe hanyar da ruwan unguwa ya saba bi, ba a kuma haƙa rami a gindin ginin wani. In rigima ta tashi a kan gona, sai an fara neman sulhu a gaban sarakunan gargajiya, an rubuta takardar sulhu ko ta rashinsa, kafin maganar ta je kotu.

Kafin ka fara haƙa

Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ka zagaya filin tare da dattawan wurin, ka tambaye su ta inda ruwa ke shigowa da inda yake fita a shekarar da aka yi ruwa mai yawa. Kada ka yi gini a cikin ƙorama ko da ta yi shekaru ba ta kawo ruwa ba.

Ka tsara aikin tono da ciko su faɗo cikin rani, ka rufe ramuka kafin ƙarshen Mayu. Ka share iya inda za ka gina kaɗai. Ka bar sabara da kalgo da ciyawar gefen fili, musamman ta wajen gangare. Manoman Maraɗi sun nuna wa duniya da sassaben zamani, tun shekarun 1980, cewa kututturen da aka bari yana riƙe ƙasa, kuma haka abin yake a filin gini.

Ka kwashe ƙasar sama, kamar taƙi ɗaya, ka tara ta daban. Ita ce mai taki da irin ciyawa, kuma da ita za ka rufe wurin a ƙarshe.

Lokacin da aiki ke gudana

1. Ka yi ɗan rami ko kunya a saman filin, domin ruwan da ke gangarowa daga tudu ya kewaye wurin aiki ya koma hanyarsa ta asali. Kada ka juya shi gonar wani.

2. Ka jibge yashi da tsakuwa nesa da magudana da bakin titi. Ka kewaye tsibin da bulo ko buhunan ƙasa, ka rufe shi da tamfol ko karan gero.

3. Ka jera duwatsu a gicciye da gangare, kowane layi a kan tsayi ɗaya. Tiyon ruwan da magina ke auna daidaito da shi ya isa wannan aiki. Inda babu dutse, ka kafa darnin kara mai kauri, ka binne gindinsa.

4. A kusurwar da ruwa ke fita, ka haƙa rami mai faɗi marar zurfi, ka jera duwatsu a bakinsa. Ruwa zai tsaya, laka ta kwanta. Ka kwashe ta idan ta kai rabin ramin.

5. In ka tare ƙaramin kwazazzabo da duwatsu ko da ragar waya cike da dutse, ka sa tsakiyar ta fi gefuna ƙasa, ka kuma cusa gefunan cikin gaɓa. In ba haka ba ruwa zai zagaya ta gefe ya ƙara faɗaɗa ramin.

6. Ka shimfiɗa manyan duwatsu a bakin kwalbati ta inda ruwa ke fita. A nan ne yawancin kwazazzaban gefen hanya ke farawa.

7. Ka ware wa motoci mashiga ɗaya, ka zuba mata tsakuwa.

8. Ka wanke kayan siminti a rami na musamman, nesa da rijiya da ƙorama. Kada ka zubar da baƙin mai a ƙasa.

9. Da hunturu iska ce ke kwashe ƙasa. Ka yayyafa ruwa a inda ake aiki, ka rufe sauran da kara.

Bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi, ka zagaya da safe ka duba. Ƙaramar tsaga da za ka cike da kwando ɗaya yau tana iya cin mota guda ta ƙasa kafin kaka.

Ramuka da kududdufai

Ramin da aka ɗebi ƙasa aka bari da gaɓa a tsaye haɗari ne. Gaɓar tana zaftarewa, ruwa ya taru, sauro ya hayayyafa, yara da dabbobi su faɗa. A ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramukan haƙar zinariya sun rufta a Garin Liman, cikin wannan ƙaramar hukuma, mutum 18 aƙalla suka rasu. Ramin gini bai kai na zinariya zurfi ba, amma halin ƙasa ɗaya ne. Idan rami ya wuce ƙugun mutum a cikin rairayi, ka kwantar da gaɓarsa ko ka tokare ta da katako, kada kuma ka tara ƙasar da ka fitar a bakinsa. Ka killace shi muddin yana buɗe.

Idan an gama gini

Ka cike ramuka ka daddaɓe. Ka mayar da ƙasar sama, ka dasa gamba ko jema a layi a kan gangare da bakin magudana da farkon damina. A filin da ya yi tauri, ka yi rabin wata ko tassa ka zuba taki. Ka shimfiɗa duwatsu ƙarƙashin kowane indararo, ko ka ajiye ganga ka tari ruwan don amfanin gida. Ka kwashe ragowar yashi da ɓaraguzai daga titi. Kada ka cire jerin duwatsu sai ciyawa ta kama, wato bayan damina ɗaya aƙalla.

Idan aikin wani ne ke cutar da kai

Ka fara yi wa mai aikin magana da wuri, a gaban shaidu. Ka ɗauki hoton ɓarnar, ka rubuta ranar. In bai gyara ba, ka sanar da mai gari, sannan ofishin magajin gari da ma'aikatan muhalli na ƙaramar hukuma ko na Madarunfa. Idan babban aiki ne, kana da damar halartar taron jin ra'ayin jama'a da doka ta tanada kafin a fara shi, kuma kana iya tambaya ko akwai kwamitin karɓar koke. Kada ka rushe aikin wani da hannunka, domin hakan zai mayar da laifin kanka.

Kafin ka sauke motar yashi ta farko, ka je ofishin magajin gari da takardar filinka, ka tambayi rukunin da aikinka ya faɗa da sharuɗɗan da ke kansa, ka kuma nemi a ba ka amsar a rubuce.