KADA MU BA DA GARI: TAMBAYOYI BAKWAI A KAN TARIHIN MADAWA DA BUZA DA KEITA

 

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye ya san wasan kacici-kacici. In kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, ga farin wata, sai yara su taru a dandali, wani ya jefa tambaya, sauran su yi ta laluben amsa. In abin ya gagara, sai a ce masa, "Mun ba ka gari." In aka ba shi ɗan ƙaramin ƙauye ya ƙi karɓa, sai an ba shi Kano ko Sakkwato, sa'an nan ya faɗi amsar. Watau tun muna yara an nuna mana cewa wanda bai sani ba, gari yake bayarwa.

Ba mu kaɗai ke son wannan wasa ba. A ƙasar Ingila, tun wajen shekarun 1970, jama'a kan taru da dare a gidajen shaye-shayensu, su kasu ƙungiya ƙungiya, a yi musu tambayoyi a kan tarihi da ƙasashe da wasanni. Har ma akwai littafin da gardama ta haifa. A shekara ta 1951 wani shugaban kamfanin Guinness, Hugh Beaver, ya je farauta a ƙasar Ailan, gardama ta tashi a kan wane tsuntsun farauta ya fi sauri a Turai, aka rasa littafin da zai raba ta. Daga nan aka shirya littafin Guinness na abubuwan bajinta, ya fito a 1955.

To, mu ba mu da bukatar irin wurin da suke taruwa, muna da fada da zaure da shayi. In ka tambayi kowa a fadarmu wa ya fara cin gasar kokowa ta ƙasa, kafin ka rufe baki an ce maka Kantu na Maraɗi, a Tawa, shekara ta 1975. An riƙe wannan ne domin kullum ana maimaita shi. Amma ka tambayi yaronmu da aka haifa a Abijan wa ya kafa sarautar Adar, sai ya yi zuru, alhali ya haddace sarakunan Faransa a lakwal. Saboda haka ga tambayoyi bakwai, kowace da labarin da ke bayanta, domin amsa ba labari kamar tuwo ne ba miya.

TAMBAYA TA 1: Wa ya kafa gidan sarautar Adar?

Amsa: Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak. Kafin zuwansa ƙasar Adar tana bin Kabi ne, watau daular da Kanta ya kafa. A shekara ta 1674 Agabba ya jagoranci rundunar ubansa, ya ci Kabawa da yaƙi, ya raba su da Adar. Bayan haka ya hau gadon ubansa a Agadas, da aka tuɓe shi a 1721 sai ya komo Adar ya zauna. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Cikin Abzinawan da suka dafa masa baya akwai Lisawan, kuma daga cikinsu ne gidan sarautar Keita ya fito a farkon zamanin Faransa. Malamin tarihi Djibo Hamani ya bi diddigin wannan labari a littafinsa a kan tarihin Adar da ya fito a 1975. Amma a tuna, Agabba bai tarar da ƙasa ba kowa ba: Azna suna nan a duwatsunsu da gonakinsu tun kafin a haife shi. Wanda ya ce "wa ya kafa Adar" ya ɓata tambaya, sarauta aka kafa, ba ƙasa ba.

TAMBAYA TA 2: Ina ne babban birnin Gobir?

Wannan tarko ce, domin amsarta ta fi ɗaya, sai an ce a wane zamani. Gobirawa da bakinsu suna cewa sun zauna Abzin kafin su gangaro kudu. Sun yi mulki a Birnin Lalle, wanda kufansa ke ƙasar Dakwaro. Sa'an nan Sarki Babari ya kai su ƙasar Zamfara, aka kafa Alƙalawa, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa. A 1808 jama'ar Shehu suka ci Alƙalawa, Sarki Yunfa ya mutu a wannan yaƙi, Gobirawa suka watsu. A 1836 suka sake karawa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali, Mayaƙi ya tattara sauran jama'a ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni. Ita kuwa ƙasar Madawa, Gobir Tudu ake kiranta. Ga shi yau wani Bagobiri yana riƙe da takardun Nijar, wani na Nijeriya, amma zanen fuska ɗaya ne.

TAMBAYA TA 3: Wane malamin Shehu Usmanu ne ya ƙare rayuwarsa a ƙasar Madawa?

Amsa: Malam Jibirila ɗan Umaru. Shi Shehu an haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, watau maƙwabtanmu ta yamma, kafin iyayensa su ƙaura zuwa Degel. Da ya tasa ya bi Malam Jibirila har Agadas yana karatu. Malam ya wuce aikin haji, Shehu kuwa ya komo gida domin bai nemi izinin mahaifinsa ba. Malam Jibirila mutum ne mai zafi wajen wa'azi, bai bar sarakuna ba, bai bar talakawa ba, kuma shi Shehu da kansa ya sha yabonsa cikin rubuce-rubucensa. Ya rasu kafin hijirar Gudu ta 1804, bai ga jihadin da almajirinsa ya yi ba. Yara da yawa suna zaton tarihin jihadi duka na wancan gefen iyaka ne, alhali mahaifar Shehu da makwancin malaminsa duk suna wannan gefe.

TAMBAYA TA 4: Cikin Madawa da Buza da Keita, wane gari ne ya taɓa faɗawa rabon Ingila?

Amsa: Madawa, amma a takarda. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a birnin Paris a kan rabon ƙasashen da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. Suka ɗora tsinin alƙalami a kan Sakkwato, suka zana gefen da'ira mai nisan mil 100, watau kimanin kilomita 160. Abin da ke ciki na Ingila, na waje na Faransa. Daga Sakkwato zuwa Madawa, in an miƙe sak, wajen kilomita 140 ne, saboda haka Madawa da Ƙwanni suka faɗa ciki, Buza da Keita da Tawa suka tsaya waje. Faransawa suka ga ba su da hanyar da ke da rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai sun yi zagaye ta Filinge da Tawa, raƙuma da jakuna suna mutuwa da ƙishirwa. Suka yi ta kuka har aka sake shiri a 1904, aka ƙarasa shi a 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho da takwaransa na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka. Da ba don ƙishirwar ayarin soja ba, da wataƙila Turancin Ingila ake koya wa ƴaƴanmu a Madawa. Babu kuwa wanda ya tambayi kakanninmu ko sun yarda.

TAMBAYA TA 5: A ina ne cikin ƙasar Madawa aka kara da sojan Faransa a 1901?

Amsa: a Galma. Kel Geres, waɗanda suka baro Abzin suka zauna tsakanin Adar da Gobir Tudu, su ne masu ƙarfi a wannan yanki lokacin da Nasara ya iso, ayarinsu na gishiri yana kaiwa har Sakkwato da Kano. Sun san abin da rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙwanni a 1899, duk da haka suka ƙi miƙa wuya. Aka fara karawa a Zangebe, aka sake a Galma, takobi da mashi suka gamu da bindiga mai aman harsashi, aka yi musu ɓarna mai yawa. Daga nan mulkin kumandan ya kafu, da haraji da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. A nan ya kamata mai tambaya ya yi hattara da harshensa. Cikin masu sauraro akwai jikan wanda ya yi yaƙin, akwai kuma jikan wanda ke biyan Kel Geres gaisuwar hatsi, kowa da yadda kakarsa ta ba shi labari. A saurari duka biyu.

TAMBAYA TA 6: Wace yunwa ce ta ci sunan shugaban wata ƙasa?

Amsa: ta 1984 zuwa 1985, wadda ake kira El Buhari. Damana ta ƙi, ga shi kuma Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakar Nijeriya a 1984, ba a buɗe ba sai 1986, hatsi ya kasa shigowa, masu bida suka kasa fita yadda suka saba. Kakanninmu ba su ƙidaya shekara da lamba, da yunwa da fari da sarauta suke ƙidaya ta. Ta 1913 zuwa 1914 Hausawa suka sa mata Kakalaba. Ta 1973 zuwa 1974 ta ƙare dabbobi, tana kuma cikin dalilan da Seyni Kunce ya bayar da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Sau da yawa kowane gari da sunan da ya ba yunwa ɗaya. Wanda ya tattara waɗannan sunaye daga bakin tsofaffi ya sami mabuɗin sanin shekarun haihuwa da aure da ƙaura na gidansu duka.

TAMBAYA TA 7: Su wa suka ɗauki duwatsun da aka tare ruwa da su a Keita?

Amsa: yawancinsu mata ne. Bayan farin 1973 aka fara neman yadda za a ceto ƙasa. A 1975 ma'aikatan daji tare da ƙungiyar CARE suka soma dasa dogon yaro a fadamar Majiya ta ƙasar Buza, layi biyu biyu, tsakanin shinge da shinge mita 100, domin karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasar gona. Shi kansa dogon yaro baƙo ne, asalinsa ƙasar Indiya. A 1984 kuma aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Renato Carucci yana jagora. Aka jera duwatsu a kan fako, aka haƙa ramuka a jikin tsaunuka, aka gina madatsun ruwa, aka dasa itatuwa miliyoyi. Ladan aiki abinci ne, ba kuɗi ba. To, ina maza? Muna wurin bida. Iyayenmu mata da matanmu da ƙannenmu su ne suka yi ta jidar dutse a ka cikin rana, wata da goyo a baya. In aka yi wannan tambaya a taro, a bar mata su amsa, domin su ne malamanta.

Ƴan uwa, wanda zai shirya irin waɗannan tambayoyi a taron salla ko a zauren baƙi, ga shawara uku. Ta farko, kada ya kawo tambayar da bai ji amsarta daga baki biyu ba, ko daga baki da littafi, domin kuskuren da aka ba lada a gaban jama'a, gobe shi ne zai zama tarihi. Ta biyu, in amsa ta rabu biyu, kada a ce wane ya ci wane ya faɗi, a rubuta duka, da sunan garin da aka ji kowace. Ta uku, kada a kawo tambayar da za ta tone asalin wani don a kunyata shi. Ana tarihi ne don a san juna, ba don a raba zumunci ba.

Waɗannan bakwai somin taɓi ne. Kowane ƙauye yana da nasa: wa ya haƙa rijiyar farko, daga ina masu gari suka taso, wace shekara aka buɗe lakwal, wa ya fara kai albasa Abijan. Ba za ka sami waɗannan a littafin kowa ba, suna bakin tsohon da ke kishingiɗe a zaure, da tsohuwar da ke kaɗi a ɗaki. Wanda ya zo gida bana, kafin ya koma ya sayi goro ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, ina da tambaya," ya rubuta abin da ya ji, ya kai wa ƴaƴansa. A dandali in ka ba da gari, wasa ne, gobe ka karɓo abinka. Amma in tsoho ya tafi da amsa a cikinsa, wannan gari ya tafi ke nan.

Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu damana mai albarka. Wassalamu.