Gidan Arewa: Daga Gidan Firimiya zuwa Zauren Taro

Gidan Arewa, wanda aka fi sani da Arewa House, yana kan titin Rabah a birnin Kaduna, kuma cibiya ce ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya mai kula da adana kayan tarihi da bincike. Asalinsa gidan zama ne na Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A nan ne sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka far masa da asubahin 15 ga Janairu, 1966, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu, gidan kuma ya kama da wuta.

Da gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Arewa jihohi shida a 1967, sai aka kafa hukumar riƙon ƙwarya don kula da kadarorin da jihohin suka gada tare. A ƙarƙashinta aka naɗa kwamitin rubuta tarihin Arewa, kuma daga wannan aiki cibiyar ta samo tushe a 1970. Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya kuma koyar da tarihi a Ibadan da Zariya, shi ne daraktanta na farko. Daga baya aka miƙa ta ga jami'ar, wadda Sardaunan ne ya assasa ta a 1962.

Dukiyar wurin ta haƙiƙa tana cikin ɗakunan ajiya: rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, takardun gwamnatin Jihar Arewa, tsofaffin jaridu, da kundayen digiri. Akwai kuma gidan kayan tarihi mai nuna rayuwar Sardauna da al'adun ƙabilun Arewa. Ɗalibin da ke bin diddigin tarihin Sabuwa ko Faskari ko Ƙanƙara, garuruwan da ke cikin tsohuwar Jihar Kaduna har zuwa 1987, da wuya ya gama aikinsa bai leƙa nan ko Ma'adanar Takardu ta Ƙasa da ke Kaduna ba.

Sai dai a idon jama'a, zauren taron ya sha gaban ɗakin karatun. Nan ake ƙaddamar da littattafai, ana laccar tunawa da Sardauna, ƙungiyoyin dattawan Arewa na zaman shawara. A ranar babban taro harabar kan cika da motoci da 'yan jarida da maroƙa, alhali mai bincike na can ciki yana juya tsohon fayil shi kaɗai. 'Yan siyasa sun san nauyin magana a gidan Sardauna, shi ya sa a Oktoban 2022 gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta gayyaci masu neman shugabancin ƙasa zuwa can, Atiku Abubakar da Bola Tinubu da Peter Obi suka je ɗaya bayan ɗaya suka bayyana abin da suka tanadar wa yankin.