Yadda Hasken Leza Ya Koyi Tsince Ƙwayoyin Sankara

Tun 1858, lokacin da Rudolf Virchow ya koyar a birnin Balin cewa daga ƙwayar halitta cuta take tasowa, likitocin da ke duba tsoka a madubi mai ƙara girman abu suka ƙware wajen gane ƙwayar sankara da ido. Gani kawai suke yi, hannu ba ya kaiwa. Ƙullutun sankara kuwa gauraye yake, ga ƙwayoyin cuta, ga lafiyayyu, ga jijiyoyin jini, ga ƙwayoyin garkuwar jiki. In aka niƙe yankin gaba ɗaya don binciken DNA, sai lafiyayyun su dusashe alamar masu cutar.

Masu bincike sun daɗe suna kankare wurin da suke so da tsinin allura, ido a madubi, numfashi a riƙe. Aiki ne irin na mai tsince tsakuwa a faifan shinkafa, sai dai girman wannan tsakuwar kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne. A 1976 Meier-Ruge da abokan aikinsa a Basel sun gwada yanka tsoka da leza, amma hanyar ba ta yaɗu ba a lokacin.

A 1996 ne lamarin ya sauya, a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda a Amurka. Michael Emmert-Buck, Robert Bonner, Lance Liotta da abokansu suka bayyana dabararsu a mujallar Science. Sauƙinta shi ne abin da ya fi burge ni. Ana shimfiɗa siririyar leda a kan yankin tsokar da ke bisa gilashi. Likita ya saita madubi kan ƙwayoyin da yake so, ya harba leza na ɗan ƙiftawar ido. Ledar ta narke a daidai wurin kaɗai, ta manne da su. Da an ɗaga ta sai ta taso da zaɓaɓɓun, saura su zauna inda suke. Akwai sharaɗi: tsokar ta bushe ƙayau, domin ɗan danshi kaɗan yana hana ledar kamawa.

Kamfanin Arcturus ya fitar da na'urar PixCell mai aiki da wannan dabara kasuwa a 1997, wadda daga baya ta iya tsuke haskenta zuwa maikiromita 7.5. A Jamus kuma Karin Schütze da kamfanin PALM suka bi wata hanya, wadda aka wallafa a 1998: leza ta zagaye ƙwayar da yanka, sannan bugun haske ɗaya ya cilla ta sama cikin murfin kwalba, ba tare da komai ya taɓa ta ba. Kamfanin Leica kuwa ya bar yankakken ya faɗo ƙasa da nauyinsa.

A 2022 ɗakin binciken Matthias Mann ya haɗa wannan yanka da kwamfuta mai gane siffar ƙwayoyi. Ita ke zana iyakar kowace ƙwaya, leza ta bi zanen, sannan a auna dubban furotin da ke cikin abin da aka tsinto.