Wurno da Rabah: Yadda Alƙalami Ya Zaɓi Sunayen da Za Su Wanzu

Hausawa na cewa suna linzami ne, amma a rubuce-rubucen daular Sakkwato aikinsa ya zarce jan hankalin mai shi. A hannun marubutan wannan ƙasa suna shaida ne, kuma zaɓen wanda za a ambata hukunci ne a kan wanda tarihi zai riƙe. Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina kuma aka binne shi a cikinsa a 1837, nan ne aka fi ganin haka. Bello ya tattara labaran salihan mata na farkon Musulunci a littafin Larabci, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta mayar da su waƙa, wadda aka sani da Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Sai dai ba ta tsaya kan matan Madina da Basra ba. Ta jero matan jama'ar mahaifinta Shehu a sahu ɗaya da su, ta yadda 'yantaru, matan ƙauye da ke zuwa ɗaukar karatu bayan jajinsu, wato malamar da ke jagorantarsu, za su rera sunan Rabi'atul Adawiyya, su rera na malamar da iyayensu suka sani ido da ido. Ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima marsiyya, matar da ba ta da sarauta ko rundunar yaƙi.

Wani zai ce wannan ba fasahar adabi ba ce, jerin sunaye ne don neman albarka, kuma fasahar raɗa suna sai a ƙagaggen labari, kamar yadda Abubakar Imam ya ƙirƙiro Malam Zurƙe ɗan Muhamman a Ruwan Bagaja a 1934, sunan da tun kafin mai shi ya buɗe baki an san ba za a rabu lafiya ba. Gaskiya ne Imam ƙirƙira ya yi, Asma'u kuwa tsinta ta yi. Amma tsintar ma zaɓe ce. Matan jama'a dubbai ne, baitoci kuwa ƙidayayyu, kuma kowane suna sai ya zauna daidai da ma'aunin waƙa da amsa-amo. A al'ummar da mace ke jin kunyar faɗin sunan mijinta da na ɗanta na fari, rubuta sunan mace ƙarara a waƙar da za a haddace ba ƙaramin ƙuduri ba ne.

Haka sunayen garuruwa suka zama laƙabi mai ɗauke da da'awa. Ana kiran Bello Mai Wurno, ɗansa Abubakar da ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877 kuma Atiku na Raba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kai jama'arsa Sudan, kuma garin da suka kafa a gaɓar kogin Nilu har yau laƙabinsa yake amsawa. Makarantar boko ta zo da nata tsarin na liƙa wa yaro sunan garinsu, shi ya sa jikan Atiku na Raba ya yi karatu a Kwalejin Katsina da sunan Ahmadu Rabah. Ya zama Sarkin Rabah a 1934, Sardauna a 1938, amma sunan da ke bangon tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962 Ahmadu Bello ne. Ya ajiye sunan gari ya ɗauki na kakan mahaifinsa, abin da ya haɗa Firimiyan Arewa da gidan Shehu kai tsaye. 

Za a iya cewa a nan siyasa ce ta yi aiki. To, ai ita ce hujjar: inda suna ke nuna asali, zaɓensa ba ya rabuwa da tambayar wa ya cancanci a ji maganarsa. Saboda haka mai nazarin rubutun Sakkwato ya kamata ya lura da wanda aka ambata, da sunan da aka zaɓa masa cikin sunayensa, da wanda aka tsallake.