Tarihin Auna Ra'ayin Jama'a kan Haƙƙin Ɗan'adam a Afirka

Binciken ra'ayin jama'a, wato yi wa wasu mutane ƙalilan da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a tambayoyi iri ɗaya domin a gane inda zuciyar al'ummar ƙasa ta karkata, ya kafu ne a Amurka bayan George Gallup ya buɗe cibiyarsa a 1935, Turai kuma ta bi sahu da Eurobarometer a 1974. Afirka ba ta samu irinsa mai ɗorewa ba sai ƙarshen ƙarni na ashirin, domin a ƙarƙashin mulkin soja da na jam'iyya ɗaya, tambayar talaka yadda yake kallon hukuma jefa shi cikin haɗari ne.

A 1999, shekarar da Nijeriya ta koma mulkin farar hula, Michael Bratton da Robert Mattes da E. Gyimah-Boadi na Gana suka kafa Afrobarometer, wadda zagayenta na farko, daga 1999 zuwa 2001, ya shafi ƙasashe 12, ciki har da Nijeriya da Gana da Mali. Nijar ta shigo a 2013. A kowace ƙasa akan zanta da manya 1,200 ko 2,400, rabi maza rabi mata, gaba da gaba, cikin harshen da mai amsa ya zaɓa.

Hikimar aikin tana cikin tsarin tambayoyin, domin ba a tambayar manomi ko yana goyon bayan haƙƙin ɗan'adam, tambayar da kowa zai amsa da na'am ba tare da an ƙaru da komai ba. Ana tambayarsa ne ko yana da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, ko zai iya zaɓen wanda yake so ba tare da matsi ba, sannan a karanta masa jimloli biyu masu karo da juna, misali 'yancin jarida da ikon gwamnati na hana buga abin da take ganin cutarwa ne, a ce ya ɗauki ɗaya.

Sai dai tsoro, wanda shi ne abin da ake son aunawa, yana iya gurɓata amsar kanta, kuma wannan rauni ne da bai kamata mai karanta alkaluman ya manta da shi ba. Shi ya sa a ƙarshen hira akan tambayi mai amsa wa yake zaton ya turo masu binciken, kuma da yawa sukan ce gwamnati ce, duk da an shaida musu tun farko cewa aikin mai zaman kansa ne.