Fada da Madubin Likita: Addinin Kirista da Kimiyya a Tarihin Wagadugu



A makon jiya, bayan sallar la'asar, wani yaron unguwarmu ta Zogona da ke karatun ilmin halittu a jami'a ya shigo gaida dattijon da muke riƙe wa alƙalami. Da hira ta yi nisa sai ya fito da abin da ya ɗaure masa kai. Ya ce tun suna sakandare ake nuna musu cewa coci da kimiyya ba sa ga-maciji da juna, ga shi kuma ɗaya daga cikin manyan malaman ilmin gado a jami'ar tasu fada ne na ɗarikar Katolika, ran Lahadi ya ja ibada, ran Litinin ya duƙufa a kan madubin likita. “To Baba,” in ji shi, “wanne ne gaskiya?” Dattijo ya yi murmushi, ya juyo gare mu ya ce a tattara abin da aka sani a rubuta, domin amsar tana cikin garin nan, ba sai an haye teku ba.

Labarin da yaron ya ji yana da tushe. A shekarar 1633 kotun coci a birnin Rum ta gurfanar da Galiliyo saboda ya koyar da cewa duniya ce ke kewaya rana. Aka tilasta masa janye maganarsa, aka tsare shi a gida har ya mutu a 1642. Sai a 1992 Paparoma John Paul na Biyu ya fito fili ya amsa cewa malaman cocin da suka yanke hukuncin sun yi kuskure. Shekara ɗari uku da hamsin da tara ba kwana kaɗan ba ne, kuma duk wanda ya ce wannan tabo bai kai ya kawo ba, bai yi wa tarihi adalci ba. Amma abin da ya faru a Rum daban, abin da kakanninmu suka gani a Wagadugu daban.

Lokacin da sojan Faransa suka shiga garin Moro Naba a 1896, fatakenmu sun riga sun daɗe suna sauka a nan, a hanyarsu ta Gwanja neman goro. Masu wa'azin Kirista sun biyo bayan soja ba da jimawa ba. Sun kafa sansani a Kupela a 1900, suka iso Wagadugu a 1901. 'Yan ƙungiyar nan ce da ake kira Fararen Fada, wadda Kadinal Lavigerie ya kafa a Aljeriya a 1868. Shigarsu ma abin kallo ce: farar jallabiya, alkyabba, jar dara, ga carbi rataye a wuya. Wanda ya hango su daga nesa sai ya zaci Larabawan Magrib ne, kuma da gangan suka zaɓi wannan kama.

A 1903 wani matashi daga cikinsu, Joanny Thévenoud, ya sauka a garin, bai bar aikin ba sai da mutuwa ta ɗauke shi a 1949. Ya zama bishop a 1921. Mutum ne mai zafin nama, wanda bai ga wani shinge tsakanin wa'azi da aikin hannu ba. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa a Pabre, aka buɗe masaƙar darduma inda 'yan mata ke aiki, aka kafa makarantar horar da fadoci a Pabre a 1925, aka kuma gina babbar majami'ar nan ta jan bulo tsakanin 1934 da 1936. Wani abin mamaki shi ne, gwamnatin Faransa ta wancan lokaci, wadda ta raba addini da hukuma a dokar 1905 tana tinƙaho da cewa ita ce uwar hankali da kimiyya, ita ce ta riƙa takura wa makarantun mishan. Ke nan a ƙasar nan, masu carbi a wuya su ne suka yi ta fafutukar a bar su su koyar da karatu da lissafi.

Amma inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen ido. A farkon shekarun 1930 aka turo wani fada ɗan yankin Biritaniya ta Faransa, Jean Goarnisson, wanda ya gama karatun likita tun kafin ya zama fada. Ya tarar da ƙasa cikin annobar ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Gano cutar aikin madubi ne: a tsotsi ruwa daga kaluluwar wuya, a shimfiɗa a gilashi, a nemi ƙwayar tana motsi. Maganin da ake da shi a lokacin kuwa mai guba ne, yakan ceci rai amma wani sa'in ya lalata jijiyar gani. Ban da wannan ga yanar ido, ga amosanin ido, ga makantar da ke addabar mazauna bakin koguna. Dattawanmu sun ce a da, ba ka ratsa kasuwa ba ka ci karo da yaro yana jan babba da sanda ba.

Goarnisson ya mai da hankalinsa ga ido har mutane suka laƙaba masa suna da Faransanci, “Docteur Lumière”, wato Likitan Haske. Domin a fahimci girman aikin, a dubi amosanin ido kaɗai. Cutar takan yi ta dawowa tun yaro yana ƙarami, ta bar tabo a cikin fatar ido, tabon ya janye fatar ciki, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar duk ƙiftawa, har ta dushe. Ƙaramar tiyata ce ke juyo da fatar waje, amma sai an sami hannun da ya iya. Likita ɗaya ba zai wadaci ƙasa ba, don haka ya koyar da mata masu zaman zuhudu 'yan ƙasa aikin jinya da kula da ido, a zamanin da kaɗan ne daga 'yan matan ƙasar suka taɓa shiga aji. Ya kuma rubuta littafin jagora na aikin likita a Afirka domin masu jinya na karkara. A ganinmu wannan koyarwar ta fi tiyatar da ya yi da hannunsa daraja, ko da yake tiyatar ce ta yi masa suna.

Yaya kakanninmu suka karɓi wannan? Da zuciya biyu. Muna da namu masu maganin ido, waɗanda ke yawo gari-gari suna kwantar da yana da tsinke, su tura ta cikin ido. Wani ya sami ɗan gani na wani lokaci, wani idon ya ƙarasa mutuwa. Mutane ba makafin zuci ba ne, sun ga bambanci, sun kuma bi layin asibitin mishan. Abin da ya sa wasu suka ja da baya shi ne tsoron kada magani ya zama tarko. Tsoron nan ba na banza ba ne. Rahotannin shekara na mishan a wancan zamani suna ƙirga yawan marasa lafiyar da aka duba, suna kuma ƙirga waɗanda aka yi wa baftisma a bakin mutuwa, har da jarirai. Su a aƙidarsu ceton rai suke yi, sun kuma ɗauki jinya a matsayin wa'azin da ba ya bukatar tafinta. Uban da ya kai ɗansa neman lafiya kuwa, bai je don a sauya masa addini ba. Wata tsohuwa a danginmu, Allah ya jiƙanta, takan ce mahaifinta ya yarda a taɓa masa ido amma ya ƙi kwana a can, ya gwammace ya tako gida da bandeji a fuska.

A lura da inda saɓanin yake. Babu wanda ya yi gardama a kan ko ƙwayar da ke cikin madubi gaskiya ce. Fada bai ga ta ci karo da Linjilarsa ba, malamanmu ma ba su ga ta ci karo da Alƙur'ani ba. Mu da muka yi karatun zaure mun san cewa wannan haɗuwa tsohuwa ce. Hunainu ɗan Ishaƙa, Kirista ne mutumin Hira, likita a fadar halifofin Abbasiyawa a Bagadaza, ya rasu a 873. Shi ya fassara littattafan Jalinusu zuwa Larabci, ya kuma wallafa maƙalu goma a kan ido waɗanda likitocin Musulmi suka daɗe suna dogara da su. Daga baya littafin Ibnul Haisam a kan gani ya shiga Latin, malaman coci na Turai suka yi ta nazarinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, da Baturen nan Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da ya nema har da a aiko masa da likita daga Ingila. Abin da kakanninmu suka yi a bakin asibitin mishan, wato karɓar magani da riƙe addini, yana da magabata. Inda suka yi mana asara, mu dai a namu ra'ayi, shi ne da suka haɗa makaranta da majami'a suka guje su tare. Yaran da aka kai Pabre su ne suka fara zama manyan ƙasa: Paul Zoungrana ya zama fada a 1942, kadinal a 1965, shi ma Joseph Ki-Zerbo, masanin tarihin da jami'ar da ke unguwarmu ke ɗauke da sunansa, ta nan ya bi. Namu yaran suna kasuwa.

Yanzu mu dawo ga fadan da yaron ya ambata. A 1966 'yan ƙungiyar Saint Camille suka zo Wagadugu. Ƙungiya ce da aka kafa a Italiya tun ƙarni na 16, kuma 'ya'yanta sukan ɗauki alwashi na musamman cewa za su yi jinyar marar lafiya ko da ransu zai salwanta. Asibitinsu maƙwabcinmu ne, mata da yawa na unguwar nan can suka haihu. Daga cikinsu aka sami Fada Jacques Simporé, ɗan ƙasa, farfesan ilmin gado, wanda ya jagoranci kafa cibiyar binciken ƙwayoyin halitta da ake kira CERBA. A wannan fanni ma yana da magabaci, domin Mendel, wanda ya gano ƙa'idojin gado ta hanyar shuka wake a shekarun 1860, mai zaman zuhudu ne a gidan ibada na garin Brno.

A 2001 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da masanan Italiya da na Burkina suka yi tare, Simporé yana cikinsu. Sun duba jinin Mosawa 4,348. Akwai wani nau'in jini da ake kira C, wanda ya yawaita a ƙasar nan fiye da kusan ko'ina a duniya. Suka gano cewa wanda ya gaji C daga ɗaya cikin iyayensa, haɗarin kamuwarsa da zazzaɓin cizon sauro yana raguwa da kashi 29 cikin 100, wanda ya gada daga duka biyun kuwa da kashi 93. Ma'anar wannan a wurin masana ita ce, sauro ne ya yi ta tankaɗe al'umma tsawon zamunna: masu C sun fi tsira, sun fi barin zuriya, har nau'in ya yaɗu. Wannan kuwa ita ce tankaɗen halitta da Darwin ya yi bayani, ga kuma sunan fada a kan takardar. Cocinsa bai tuhume shi ba. Tun a 1950 Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya ba da izinin bincike a kan asalin jikin ɗan Adam, da sharaɗin a riƙe cewa rai daga Allah yake kai tsaye, kuma a 1996 John Paul na Biyu ya ƙara matsawa gaba wajen amincewa da ƙarfin hujjojin. Wannan matsayin Katolika ne. A cikin majami'un Furotesta akwai masu ɗaukar kwana shida na halitta a zahirin lafazi, su ba su yarda da haka ba.

Kada mai karatu ya ɗauka an sasanta komai. Rigimar ta bar tambayar mene ne gaskiya, ta koma tambayar me ya halatta, irin bambancin da muka sani tsakanin sanin abu da hukuncinsa a fiƙihu. Cocin Katolika ya jaddada haramcin magungunan hana ɗaukar ciki a 1968, ya ƙi amincewa da haɗa ɗan tayi a kwalba a 1987, yana kuma hana binciken da zai lalata ɗan tayi. A shekarun da cutar sida ta yi tsanani, asibitocinsa suna kan gaba wajen gwajin masu ciki da ba su maganin da ke kare jariri, amma maganar kwaroron roba ta haɗa shugabanninsa da likitocin duniya faɗa, musamman bayan furucin Paparoma Benedict a hanyarsa ta zuwa Kamaru a 2009. A nan likita mai alkyabba yakan tsinci kansa tsakanin umarnin shugabanninsa da matar da ke zaune a gabansa, mijinta yana ɗauke da cutar. Wannan ƙulli ba a kwance shi ba tukuna, kuma wasu daga tambayoyin suna jiran namu malaman su ma.

Da muka karanta wa dattijo abin da muka tattara, yaron yana zaune a gefen tabarma. Bai tsaya a kan Galiliyo ba, sai ya koma kan jinin C. Ya bayyana cewa kariyar tana da farashi: idan mai C ya auri mai S, wato nau'in sikila, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar yaro mai SC, wanda zai yi fama da ciwon ƙashi, wani lokaci har da lalacewar gani. Dattijo ya yi shiru, domin auren zumunci ya yi yawa a tsakaninmu, kuma ya san gidajen da aka binne yara bi da bi ana cewa iska ce. Ya tambayi inda ake gwajin. Yaron ya ce ana yi a asibitocin gwamnati, ana yi a na fadocin, jini kaɗan ake ɗiba. Dattijo ya ce mu rubuta a littafin zaure cewa za a kawo maganar gaban limamai a zaman wata mai zuwa, kafin lokacin ɗaure-ɗauren aure na bayan Salla.