Haɗi: daga sassaƙe zuwa ƙwaya a Briqueterie

Duk wanda ya san Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa a Yawunde, ko kasuwar shanu da mayankar Etoudi, ya san haɗi. Ƙwayoyi ne uku ko huɗu, fara da ja da ruwan ɗorawa, a ƙulle a leda, waɗanda mahauci ko ɗan dako ko mai babur ke afawa da yamma don ciwon jiki. Ma'aikatan asibiti kan ce jahilci ne. A ganina tsohuwar al'ada ce da aka sauya wa kaya, kuma sai an bi tarihinta ake gane inda haɗarin yake.

Jamusawa sun kafa tasharsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, fatake Hausawa kuma suka gangaro daga Adamawa ta Tibati da Yoko suna neman hauren giwa da roba da goro. Unguwar da suka tare daga baya ta samo sunanta daga wurin gasa bulo, ko da yake Ewondo, masu ƙasar, Ekoudou suke ce mata. Ayari kan taho da wanzami da mai magani, ƙwarewar mai magani kuwa a haɗi take: saiwar wannan, sassaƙen wancan, ɗan jar kanwa, a jiƙa a sha. Itace guda a idon mai saye magani ne mai rauni. Ba a kuma tambayar abin da ke ciki, domin sirrin shi ne jarin mai sana'a. Waɗannan ɗabi'u biyu, son haɗi da rashin tambaya, su ne ƙwaya ta tarar.

Turawa ma sun yi nasu haɗin. Kamfanin Bayer ya fito da asfirin a 1899, daga baya aka gama shi da phenacetin da caffeine, aka sami APC, wanda tsofaffi ke tunawa. An daɗe ana shansa kafin a tabbatar phenacetin na lalata ƙoda, Amurka ta janye shi a 1983. Panadol ya shiga kasuwar Ingila a 1956, ibuprofen a 1969. A Kamaru dokar 1990 ta keɓe sayar da magani ga masu farmasi, amma ta zo a mugun lokaci. Tattalin arziki ya durƙushe tun tsakiyar shekarun 1980, an zaftare albashi a 1993, sai a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga Faransa ya fi ƙarfin talaka. Tebura suka yawaita a kasuwar Mokolo da lungunan da ke kewaye da ita, da ƙwayoyi masu araha na Indiya da Sin da waɗanda ke ratsowa ta Nijeriya. Mai tebur ba ya sayar da kwali, ɓallowa yake yi ya ba ka gwargwadon kuɗinka, daga nan ƙwaya ta rabu da sunanta.

Za a ce ai likita ma haɗawa yake yi. Gaskiya ne. Farasitamol da ibuprofen hanyar aikinsu daban ce, babban mutum mai lafiya yana iya shan su tare na 'yan kwanaki, kuma ga ciwo irin na haƙori sun fi kowannensu shi kaɗai. Amma ibuprofen da diclofenac da asfirin 'yan gida ɗaya ne. Dukansu suna rage sinadarin da ke kawo raɗaɗi, wanda shi ne kuma ke kare bangon ciki yake taimaka wa jini ya isa ƙoda. Wanda ya gama biyu daga cikinsu da wuya ya ƙara samun sauƙi, haɗarin gyambon ciki da zubar jini ya ƙara wa kansa, balle idan ya wuni cikin rana yana zufa, ko ya sha su da azumi ciki wayam. Farasitamol kuma tarkonsa sunaye ne. Doliprane da Efferalgan da Panadol abu ɗaya ne, magungunan mura da yawa ma suna ɗauke da shi. Iyakar baligi giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, abin da ya wuce haka hanta ce ke biya. Likita yana haɗawa ne da suna da ƙidaya, yana tambaya ko akwai olsa, ko hawan jini, ko juna biyu. Ƙullin leda bai san ko ɗaya ba.

Hujja ta biyu ta masu kare haɗi ta fi nauyi: shekara da shekaru ana sha, ba a ga wanda ya faɗi ba. Jiƙo mai ƙarfi yakan nuna kansa nan take da amai ko gudawa, shi ya sa aka saba auna magani da abin da ya biyo bayan shansa. Ƙoda kuwa takan yi shiru har sai aikinta ya ragu sosai, wanda farasitamol ya yi wa yawa ma yana iya kwana guda lafiya lau kafin hanta ta nuna. Idan ƙafa ta kumbura ko bahaya ya yi baƙi, ba mai tuna ƙullin bara, sai a ce sammu ne ko shawara.

Ta uku ita ce talauci, ba ni da abin musa ta. Hukuma takan kama magungunan titi ta ƙone, tebur ya dawo, domin buƙatar da ta haife shi tana nan. Sai dai farasitamol na cikin mafi arhar magunguna ko a farmasi, abin da mai saye ke biya a haɗi shi ne tsohon imanin cewa uku sun fi ɗaya. Sirrin mai sassaƙe yana da dalili, gadon gidansu ne. Mai tebur ba shi da sirrin da zai ɓoye, a kwali aka rubuto masa komai. Limaman Briqueterie da sarakunan pawa na Etoudi suna da bakin da ake ji, su gaya wa jama'a kada a karɓi ƙwayar da aka raba da mazubinta, kuma a tambayi sunan kowace ɗaya kafin a kai baki.